Kumatun Mai Algaita

Talata, 2 ga Satumba, da hantsi

Likitar Ankara ce ta ɗora min wannan aiki. Ta ce kullum in rubuta halin da mijina Haydar ya wuni: zazzaɓi, tari, gyambon baki, da ko jini ya fito. Ni da rabona da biro tun ina aji biyar.

Mutanen gari dai an gaya musu sanyi ne ya kama masa ƙirji. Haydar ne ya ce haka za a ce. Ko Inna da ta haife shi, ko wansa Yaya Duran da suke yawon bukukuwa tare tun suna yara, shi da algaita Yaya da ganga, kada kowa ya ji. Ya ce mai algaita da ciwon huhu, wa zai ƙara kiran sa? Ga kuma bikin Elmas 'yar Yaya Duran saura wata guda, dangin angon masu bin diddigi ne, su ji akwai ciwo a gidan mun shiga uku. Na ce to. Na cika cewa to a gidan nan.

Bari in rubuta abin da likitar ta faɗa kafin ya gudu daga kaina. Da farko ta soka masa allura a dantse, allura kawai ba magani, ta ce a duba jibi. Da jibin ya zo wurin ya tashi ya yi ƙurji har da mugunya.

Ta ce, “Kun san karnukan makiyaya?”

Haydar ya ce, “Haba Likita, mu da muke bin ƙauyuka da ganga? Sun san mu mun san su, ga tabo a ƙaurina.”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce a jinin kowa akwai wasu fararen ƙwayoyi, aikinsu gadi, suna kwance sai kyarkeci ya zo. Nasa sun farka sun ƙi komawa barci. Allura ta taɓa shi, sun taru a wurin kamar an yi ɓarna. Gyambon bakin nan da ya yi shekaru yana fama da shi, su ne. Yanzu sun koma kan wata jijiyar jini a cikin huhunsa, suna cin bangonta, ta yi laushi ta kumbura kamar tiyub ɗin tsohon keke. Sunan ciwon Behchet, wai a ƙasar nan tamu ya fi yawa.

Na ce a yanka a gyara mana. Ta ce inda wuƙa ta bi, nan za su fi taruwa. Sai dai magani, a kwantar da su a hankali. Ba ɗaukar kaya, ba yunƙuri, ba busa.

Ya ce, “Busa har yaushe?”

Ta ce, “Har sai na ce.”

To na rubuta kalmar nan ta jini, ta isa, ba zan kuma ba. Ranar da hankicinsa ya wuni lafiya zan rubuta fari, ita ta gane.

Fari.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Fari. Gyambo biyu a leɓe, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Miya kawai ya iya sha.

Na kwashe 'yan karan bakin algaitarsa duka, da gwangwanin tabar da yake ajiye su, na tura can ƙasan buhun alkama. Algaita ba kara itace ce kawai, ko ka hura har idonka ya fito ba za ta ce uffan ba. Ya ga wurin gwangwanin wayam a kan shiryayye, ya dube ni.

Ya ce, “Gulizar, ɓarawo ya shigo ne?”

Na ce, “Ya shigo. Shekara goma sha huɗu yana dafa maka abinci.”

Ya yi murmushi da gefen bakin da ba ya ciwo. Algaitar tana nan rataye a bango.

Asabar, 6 ga Satumba, da safe

Inna ta zo da kwalbar ruwan 'ya'yan itacen baƙin tut, wanda take ba shi tun yana yaro in bakinsa ya fashe. Wannan bai dame ni ba, ya kurkure. Sai kuma ta ce ta yi magana da mai ƙaho, zai zo ya tsattsaga masa baya ya zuƙe sanyin.

Allura ɗaya ta yi abin da ta yi, balle tsaga ashirin.

Na ce, “Inna, ba mai taɓa shi da aska.”

Ta ce, “Amarya, ke kika haife shi?”

Har yau amarya take ce min, kuma har in mutu. Na ce ban haife shi ba, amma ni nake wanke masa kaya. Ta tsaya tana kallona da idon nan nata da yana ta rufe, kamar tana jiran in ƙarasa. Ban ƙarasa ba. Ta ɗauki sandarta ta tafi ba ta sha shayin ba.

Fari.

Talata, 9 ga Satumba, da azahar

Fari. Yana zaune yana danna yatsu a jikin cokali.

Juma'a, 12 ga Satumba, da yamma

Maganin ya fara nuna kansa. Likitar ta faɗa tun farko: zai ci kamar ba gobe, fuska za ta kumbura. Amma ba ta san inda muke zaune ba. A unguwar nan ta makaɗa, da kumatu ake auna mai algaita. Kumatun Haydar yanzu sun cika sun yi tumbur, ko yana barci sai ka rantse busa yake.

Inna ta shafa fuskarsa da hannu biyu, har da ƙwalla. “Masha Allah, ɗana ya dawo! Amarya, na yafe miki, ashe kina ciyar da shi.”

Mata a bakin famfo suna ta yi min barka. Wata ta ce ta ga Haydar ta taga, ai ya fi ubansa kumatu. Na ce Allah ya sa. Ƙafafunsa kuwa sun rame kamar sillen kara, amma wando ya rufe, ba mai gani sai ni.

Ban taɓa jin haushin a yi min barka ba sai yau.

Fari.

Laraba, 17 ga Satumba, da hantsi

Elmas ta kawo gayyata da kanta, da 'yar kyautar da ake haɗawa da ita. Wasu gidajen an kai musu sabulu, wasu tawul, baffanta kuwa hankici ta kawo masa, fari sol, ta yi masa ɗinkin ado a gefe da hannunta.

Ta sumbaci hannunsa ta kai goshi. Ta ce, “Baffa, ka ga ni ban iya kuka ba. In ka busa min taken fita ban yi kuka ba, dangin can za su ce ina ɗokin barin gidan ubana.”

Ya ce, “Ke? Na sa 'yar mahauci kuka, wadda ko albasa ba ta sa ta hawaye. Ranar da aka haife ki na gaya wa ubanki ni zan fitar da ke. Ki dai nemi kwallin da ba ya zuba.”

Suka yi ta dariya. Ni ina yanka tumatir, na yanka har abin da ba za mu ci ba.

Da ta tafi na ce, “Haydar.”

Ya ce, “Take ɗaya ne, Gulizar.”

Na ce, “Take ɗayan da kake riƙe numfashi har jijiyar wuyanka ta tashi?”

Ya ce amaryar gidanmu ba ta taɓa fita da algaitar wani ba, tun kakan kakansu. A kansa za a fara? Na ce a kansa aka fara abubuwa da yawa bana. Ya ninke hankicin ya sa a aljihun ƙirji.

Fari.

Juma'a, 19 ga Satumba, da magariba

Ba fari ba. Kamar cokali biyu.

A gidan shayi ne. Tsoho Rustem, wanda ba a biki ba shi kuma bai taɓa kawo wa kowa ko sukari ba, ya ce a gaban mutane wai Haydar ya yi ƙiba ya kwanta, ya bar wansa yana yawo da Kamber ɗan baffansu. Wai matarsa ta sa shi a aljihu. Sai gogan nawa ya tashi ya sunkuci tukunyar gas ɗin mai shayi ya kai masa ciki, don a gani. An gani, har da tafi.

Ya iso gida da ƙafarsa, ya rufe ƙofa, sannan ya durƙusa. Hankicin da hannunsa ya fara kaiwa gare shi na Elmas ne.

Na buga wa likitar. Ta ce ya kwanta ta gefen da ke ciwo, in ya ƙaru mu taho ko da me. Bai ƙaru ba. Na zauna a ƙasa kusa da gadon.

Asabar, 20 ga Satumba, bayan azahar

Na karya alkawari, kuma ban yi nadama ba.

Na sami Yaya Duran a tsakar gidansa yana ɗaure igiyoyin ganga. Tun daga nesa ya fara, “Ah, matar ƙanena! Ina ragon naki? Biki uku na yi da Kamber, yaron nan busa yake kamar ana matse agwagwa.”

Na warware hankicin na shimfiɗa a kan fatar gangar.

Ya gane ɗinkin 'yarsa. Ya daɗe yana kallo. Na gaya masa duka, da karnukan, da tiyub ɗin, da abin da likitar ta gaya min ni kaɗai a baranda, wanda shi ma ba zan rubuta ba. Babban mutum mai gashin baki ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Ya ce, “Ni da nake zagin sa a gidan shayi.”

Na ce zagin ya wuce, biki ne a gaba. In an ce Haydar ba zai busa ba, gari zai tambayi dalili. In ya busa, ni na san sauran.

Yaya ya share fuska ya ce akwai hanya. Dama algaita biyu ake fita da su, Haydar yana kai taken, Kamber ɗan baffansu yana bayansa yana riƙe da murya ɗaya doguwa a ƙasa. To Haydar ya tsaya a gaba da algaitarsa a baki, ba kara a ciki, yatsu na tafiya. Kamber ya tsaya dab da kafaɗarsa a cikin soron ƙofa ya busa taken. Shi kuma zai daki ganga yadda ba mai lura babu muryar ƙasa.

Na ce, “Za a gane.”

Ya ce, “Da kumatun nan? Allah na tuba, ko ni sai na rantse.”

Lahadi, 21 ga Satumba, da safe

Ba ya min magana. Ya ce wa bango a ba shi ruwa, na ba bangon.

Kusan fari.

Laraba, 24 ga Satumba, a motar dawowa

Ƙarin ruwan wata-wata. Ya yi ta amai, an ba mu leda. Likitar ta karanta abin da na rubuta, ta zo kan tukunyar gas, ta cire tabarau ta dube shi.

Ta ce, “Malam Haydar, ni ina lallashin karnukan su kwanta, kai kana jifan su da dutse.”

Ya ce ba zai kuma ba. A mota ya jingina kansa a kafaɗata ya ce, “Ki gaya wa Yaya na yarda.” Bai ce ya yafe min ba. Ban tambaya ba.

Talata, 30 ga Satumba, bayan la'asar

Kullum yanzu Kamber yana zuwa, su shiga rumbun baya su rufe, wai gyaran kaya suke. Maƙwabta suna jin algaita suna cewa Haydar ya dawo aiki.

Taken fitar amarya yana da wata kwana kusa da ƙarshe, inda sauti yake hawa ya tsaya kamar zai karye, sannan ya gangaro a hankali. Nan ne mata suke fashewa. Kamber kullum sai ya yanke ya ja numfashi a daidai wurin.

Ina jiyo Haydar: “Ba haka ba, jaki! Wa ya aike ka ka sha iska a nan? Ka tara ta a kumatu tun daga baya!”

Kamber ya ce, “Yaya, huhuna ke nan, ba ni da wani.”

Kamber ya fito jiƙe da gumi ya ce min, “Matar yaya, wallahi ba da gangan na faɗa ba.” Na ba shi nono mai sanyi. Yaron kirki ne, ba laifinsa ba ne da ba Haydar ba ne.

Fari. Fari jiya ma.

Juma'a, 3 ga Oktoba, da hantsi

An kafa tutar fara biki a gidan ango. An ce wa mutane Haydar yana ajiye numfashinsa don ranar fita. Fari.

Litinin, 6 ga Oktoba, da safe

An yi. Yana raye, yana barci, ina jin numfashinsa daga nan.

Ni da kaina na duba bakin algaitar kafin ya fita, na laluba aljihunsa, har cikin hula da safa. Ya ɗaga hannuwa kamar wanda 'yan sanda suka tare.

Wanta ya ɗaura wa Elmas jan ɗamara a ƙugu, aka rufa mata jan mayafi, aka kawo ta bakin ƙofa. Yaya ya daki ganga. Haydar ya ɗaga algaita sama yadda ya saba, ya lumshe ido, yatsunsa suka hau. Kumatu kuwa ba sai ya yi komai ba. Ni da na san komai sai da tsikar jikina ta tashi.

Aka zo kwanar nan. Kamber ya yanke ya ja iska, ƙarara, kamar an tsinke zare. Na ce shi ke nan, asiri ya tonu. Na duba hagu da dama. Mata na kuka, maza na harba bindiga sama, Elmas ta rungume ƙofa tana shessheƙa har mayafin yana rawa. Ba wanda ya ko ɗaga kai.

Inna ce ta fara ɗaga murya daga kan kujerarta: “Ku ji ɗana! Ku ji Haydar! Tun da na haife shi bai taɓa busa irin ta yau ba!” Sai kowa ya ɗauka. Tsoho Rustem ya zo ya sumbaci kumatunsa biyu, ya ce ya janye maganarsa, shekara sittin yana jin algaita bai ji kamar wannan ba. Dangin ango suka yi ta manna masa kuɗi a riga. Kamber yana baya yana share bakin tasa algaitar.

Da muka dawo na rungume shi ina cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi. Ya tsaya kamar icce. Ya cire kuɗin ɗaya bayan ɗaya ya ce a kai wa Kamber.

Ya ce, “Kin ji inda ya yanke?”

Na ce na ji.

“Su ba su ji ba. Har Inna.” Ya rataye algaitar. “Shekara ashirin da biyar ina fasa ƙirjina, Gulizar. Ashe kumatuna suke kallo.”

Na ce ya sha magani. Ya sha.

Fari. Ya kamata in yi murna, kuma ina yi.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da azahar

Fari. Yana shan magani ba gardama, yana cin abin da na ba shi, yana cewa sannu. Ya daina danna yatsu a cokali. Da ma ya zage ni.

Mutum uku sun zo neman sa biki, sun ce irin ta gidan Duran suke so.

Talata, 14 ga Oktoba, a motar dawowa

An ɗauki hoton ƙirji. Likitar ta ce kumburin ya ɗan ja baya, karnukan sun fara gyangyaɗi, amma bangon har yanzu siriri ne. Wata shida aƙalla. Na kusa sumbatar hannunta.

Ya ce, “Likita, ki gaya min tsakani da Allah. Bayan wata shidan fa?”

Ta gyara takardun gabanta. Ta ce za mu gani. Ta ce mutane da yawa suna koyon wata sana'ar.

Ya ce, “Na gode.” Sai da muka kusa garinmu Kaman ya tambaye ni ko ina jin sanyi.

Fari.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Akwai ƙurji a babban yatsansa na hagu, ja, da mugunya a kai, a kan wani ɗan yanka da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da wani mutum ne, da ya warke washegari ba wanda ya sani. Shi jikinsa ba ya rufa masa asiri.

Na san wurin. Nan wuƙa take kama shi in yana fere karan algaita. Jiya da shekaranjiya ya ce zai taka zuwa bakin rafi don likita ta ce tafiya tana da kyau.

Na kama hannun na ce, “Mene ne wannan?”

Ya ce, “Gurasa na yanka.”

“Tun yaushe ake yanka gurasarmu da wuƙa?”

Ya zare hannunsa. Na juye gidan nan kaf, katifa, takalma, bututun murhu. Gwangwanin yana nan a buhun alkama ba a taɓa ba. Ban sami komai ba. Na ce zan kai algaitar gidan Yaya. Ya ce in na taɓa ta, in haɗa da kayana. Bai taɓa gaya min haka ba, kuma a hankali ya faɗa.

Na bar ta. Fari.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi

Ina rubutawa kafin ƙullu ya huta. Inna ta zo taya ni gurasar hunturu. Haydar ya fita tun da sassafe, algaitar tana bango, na duba sau biyu.

Muna cikin kwaɓi ta ce, “Amarya, me ke cin ɗana?”

Na ce sanyi ne, Inna.

Ta ce, “Ido ne ba ni da shi, kunnena lafiya lau. Kamber ne ya fitar da Elmas. Tun numfashin farko na gane, yaron nan yana jan iska kamar saniya. Na ga kun ƙulla abinku, na ce in ban yi ihu ba wani zai tsaya ya saurara.”

Hannuna cikin ƙullu na fashe da kuka. Na gaya mata duka. Ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da murzawa. Ta ce da na bar mai ƙahon nan ya zo fa? Na ce da an sami matsala. Ta ce to Allah ya yi miki albarka.

Na ce, “Inna, shi yana ganin ko ke ba ki bambance ba. Abin nan ne yake cin sa fiye da ciwon.”

Ta ce, “Wawa, ɗan wawa. Bari ya dawo cin rana, ni zan gaya masa da bakina.”

Rabon da in ji sanyi a raina haka tun bazara. Zan soya masa ƙwai da barkono. Bari in hura wuta.

Talata, 21 ga Oktoba, da yamma

Masu ta'aziyya sun ragu. Elmas tana wanke kofuna, lallen bikinta bai gama fita ba.

Algaitar da take bango tasa ce. Na manta da ta babansu, da ke cikin akwati a rumbun baya.

Ranar Asabar muna gasa gurasa ta bakwai ko ta takwas muka ji. Daga bakin rafi, iska ta kawo shi har tsakar gida. Taken fita ne. Inna ta ajiye sandar murji ta ce, “Wannan ne ɗana.”

Daga gidanmu zuwa rafi ba nisa, da gudu kafin shayi ya tafasa na isa. Na miƙe. Na kai bakin ƙofa. Sai na tsaya da gari a hannuna. Wata uku ban ji shi ba. Da wannan sautin na fara sanin sa a bikin 'yar gwaggona, ban ma ga fuskarsa ba tukuna. Na ce bari ya kai kwanar nan kawai. Ya hau, ya tsaya a can sama, ya daɗe, ya daɗe, bai yanke ba, sannan ya gangaro da ita a hankali har ƙasa. Gurasar tana ƙonewa a bayana, ina jin ƙaurin.

Sai da ya gama na gudu.

Likita, kin ce in riƙa rubuta launi. Ba zan rubuta ba. Yaya Duran ne ya ɗauko shi, motar asibiti ta same mu a hanya, ba ta yi sauri ba wajen komawa.

Ɗazu Tsoho Rustem ya zo gaisuwa. Ya ce shi ma ya ji ranar Asabar daga gidan shayi. Ya girgiza kai ya ce Allah ya jiƙansa, amma ka ji ciwo ya riga ya ci shi, ina za a haɗa da ta ranar bikin Elmas, ai a ranar ya kai ƙarshen iyawarsa. Kamber ya tashi ya fita bai sa takalmi ba. Inna ta damƙe min hannu da butar shayin a ciki, ta riƙe har sai da na zuba a kofi.

Ba ta samu ta gaya masa ba. Ta ce ya sani, ai don mu ya busa. Ni ban sani ba.

Kowa yana cewa na yi iya ƙoƙarina, wai da gudu aka gan ni, ba ɗankwali. Inna kaɗai ta san tsawon da na yi a bakin ƙofa, ita ma ba ta ce min je ki ba.